Ummu Salama da Addu'ar Wanda Aka Yi wa Rashi

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da mutuwa suke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, babu gidan da masu gaisuwar mutuwa ba su taɓa shiga ba. Kowa ya san yadda abin yake. Kwanakin farko zaure cike, tabarmi har bakin hanya, wannan ya shiga wancan ya fita, kowa yana cewa a yi haƙuri. Sa'an nan a naɗe tabarmi, baƙi su koma garuruwansu, a bar mai rashi shi kaɗai da ɗakin da ya yi masa faɗi. A nan ne ainihin jarrabawar take farawa, kuma a nan ne mutane da yawa, har da masu kula da ibada, sukan tarar kalmar haƙuri da aka yi ta nanata musu ba ta gaya musu abin da za su yi da kansu ba idan dare ya tsala. Darasin wannan mako yana kan wata mace daga cikin iyayen muminai wadda ta san irin wannan dare, aka kuma koya mata abin da za ta faɗa a cikinsa.

Sunanta Hindu 'yar Abu Umayya, daga kabilar Banu Mahzum ta Ƙuraishawa, amma da alkunyarta aka fi saninta, watau Ummu Salama. Mahaifinta yana cikin masu kyautar da Larabawa suke yi wa laƙabi da guzurin matafiya, domin duk wanda ya yi tafiya tare da shi ba ya bukatar ɗaukar guzuri. Mijinta kuwa, Abu Salama, Abdullahi ɗan Abdul Asad, ɗan gwaggon Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gama mahaifiyarsa Barra 'yar Abdul Muɗɗalibi ce. Har ila yau ɗan'uwansa ne na shayarwa, domin su biyu sun sha nonon Suwaiba. Da miji da mata suna cikin waɗanda suka musulunta tun da fari, suka kuma yi hijira zuwa Habasha sa'ad da azabar Ƙuraishawa ta tsananta.

Tun kafin mutuwa ta raba su an taɓa raba su da rai. Ibn Is'haƙ ya kawo labarin daga bakinta. Da Abu Salama ya ƙudurta yin hijira zuwa Madina, sai ya ɗora ta a kan raƙumi da ɗansu Salama a cinyarta, ya kama akala. Ba su yi nisa ba danginta suka tare shi, suka ce kansa dai ya fi ƙarfinsu, amma 'yarsu ba za su bari ya yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa ba, suka fizge akalar daga hannunsa. Da dangin mijin suka ga haka sai su ma suka fusata, suka ce ai kuwa ɗansu ba zai zauna wurinta ba. Aka yi ta jan yaron tsakanin ɓangarorin biyu har hannunsa ya goce. Miji ya wuce Madina, ɗa ya tafi gidan dangin uba, ita kuma aka tsare ta wurin nata dangin. Ta ce kullum da safe takan fita zuwa Abɗah, wani kwari a gefen Makka, ta zauna ta yi ta kuka har yamma, haka har shekara guda ko kusa da haka.

Daga baya wani ɗan'uwanta ya ji tausayinta, ya yi wa dangi magana, suka sake ta, aka kuma mayar mata da ɗanta. Ta ɗaura wa raƙumi sirdi da kanta, ta kama hanyar Madina, tafiyar fiye da kilomita 400, ba kowa tare da ita sai yaro. A Tan'im, wurin nan da alhazai suke zuwa ɗaukar haramar umra, ta gamu da Usmanu ɗan Ɗalha, wanda a lokacin bai musulunta ba tukuna. Ya tambaye ta inda za ta, da ya ji ba ta da ɗan rakiya sai ya rantse ba zai bar ta ba, ya kama akala. Idan sun sauka zango sai ya gurfanar da raƙumin ya ja da baya har ta sauka, ya tafi gindin wata bishiya ya kwanta shi kaɗai. Haka suka yi ta tafiya har ya kai ta Ƙuba, ya nuna mata ƙauyen da mijinta yake, ya juya ya koma Makka. Ta kasance tana cewa ba ta san wani gida a Musulunci da ya sha abin da gidan Abu Salama ya sha ba, ba ta kuma taɓa ganin abokin tafiya mai mutunci kamar Usmanu ba. Shi ne wanda ya musulunta a shekara ta 8 bayan Hijira, aka kuma bar masa mabuɗin Ka'aba ranar da aka ci Makka.

Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin sai an san abin da ta sha kafin ta sake haɗuwa da mijinta za a gane nauyin rabuwa ta biyu. Abu Salama ya halarci yaƙin Badar. A yaƙin Uhudu, cikin Shawwal na shekara ta 3, daidai da 625 Miladiyya, aka harbe shi da kibiya a damtse. Ya yi wata guda yana jinya, ciwon ya rufe kamar ya warke. A Muharram na shekara ta 4 Annabi ya ɗora shi a kan runduna ta mutum 150 zuwa ƙasar Banu Asad. Ya je ya dawo da nasara, amma mikin ya sake fashewa, kuma shi ne ya zama ajalinsa a watan Jimada Lahir na wannan shekara, kamar yadda Ibn Sa'ad ya kawo. Ya bar ta da ƙananan yara a garin da ba nata ba, danginta kuwa suna Makka, galibinsu a sahun abokan gaba.

Imam Muslim ya ruwaito abin da ya faru a ɗakin. Annabi ya shiga ya tarar idanun Abu Salama a buɗe, ya rufe su da hannunsa. Wasu daga iyalin gidan suka fara kururuwa, sai ya gargaɗe su da kada su roƙa wa kansu kome sai alheri, gama mala'iku suna cewa amin a kan abin da suke faɗa. Kana ya yi wa mamacin addu'ar gafara da ɗaukakar daraja da yalwar kabari da haskensa, ya kuma roƙi Allah ya zama mai kula da waɗanda ya bari a baya. Ita kuwa Ummu Salama ba ta ɓoye abin da ta yi niyya ba. Ta ce ta duba ta ga mijinta baƙo ne ya mutu a baƙuwar ƙasa, sai ta ƙudurta za ta yi masa kukan da za a daɗe ana labarinsa, irin na matan Larabawa. Har wata mace ta taho daga unguwannin tudu na Madina don ta taya ta. Annabi ya tari matar, ya tambaye ta ko so take ta shigar da Shaiɗan gidan da Allah ya fitar da shi daga ciki. Da jin haka Ummu Salama ta fasa.

A nan akwai wurin da mutane sukan ruɗe, har su ƙara wa mai rashi nauyi a kan nauyinsa. Abin da aka hana shi ne ihu da kururuwa da marin fuska da yage tufa da maganganun da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Hawaye da ƙunar zuciya ba sa cikin wannan. Sa'ad da Ibrahim ɗan Annabi yake kan gargara a shekara ta 10, yana yaro bai cika shekara biyu ba, idanun Annabi sun zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki. Ya sanar da shi cewa wannan rahama ce, ido yana iya kuka, zuciya tana iya baƙin ciki, matuƙar harshe bai furta abin da Allah ba ya so ba. Buhari ne ya ruwaito. Annabi Yaƙuba kuwa, Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda baƙin cikin ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, amma ba a zarge shi ba, domin ga Allah kaɗai ya kai kukansa, kuma shi ne dai a cikin wannan hali ya hori 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Saboda haka wanda ya ga matar mamaci tana hawaye ya daka mata tsawa wai ba ta da imani, ya tsananta abin da shari'a ta sauƙaƙa, kuma bai taimake ta da kome ba.

To, idan an hana kururuwa, me aka bayar a madadinta? Gama shari'a ba ta karɓe abu daga hannun mutum ta bar shi hannu wofi. Ummu Salama ta riga ta san wata addu'a. A ruwayar Imam Ahmad, mijin nata ne da kansa ya dawo gida wata rana cikin murna, ya ce ya ji wata magana daga Annabi da ta faranta masa rai. Maganar ita ce, duk Musulmin da masifa ta same shi ya yi istirja'i, watau kalmar nan da ke aya ta 156 ta Suratul Baƙara wadda kowa yake furtawa idan ya ji mutuwa, sa'an nan ya roƙi Allah ya ba shi ladan masifarsa, ya kuma musanya masa da abin da ya fi wanda ya rasa, Allah zai yi masa haka. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim, yana kuma cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik a littafin jana'iza. Abu Salama ya kawo wa matarsa addu'ar da za ta yi a kan rashinsa, shi kuwa bai sani ba.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne yadda ta yi addu'ar. Ba ta ce zuciyarta ta natsu nan take ba. Ta ce da ta zo kan roƙon abin da ya fi, sai ta tambayi kanta, wane Musulmi ne ya fi Abu Salama, mutumin da gidansa ya riga kowane gida yin hijira? Daga nan ta ce sai ta faɗi addu'ar duk da haka. Wannan gaskiya da ta faɗa a kan kanta tana da amfani ƙwarai ga mai rashi. Ba ta yi shakkar ikon Allah ba, amma hankalinta bai hango ta inda alherin zai ɓullo ba, kuma ba ta jira sai ta hango kafin ta roƙa ba. Da yawa daga masu rashi sukan daina addu'a a daidai wannan wuri. Mutum ya ce shi yanzu ba ya jin kome a ransa, ko ya ce kunya yake ji ya furta da baki abin da zuciyarsa ba ta kai gare shi ba, ko ya ga kamar roƙon madadi cin amanar mamaci ne. Labarin Ummu Salama ya nuna harshe yana iya shiga gaba, zuciya ta biyo baya da sannu, kuma Allah yana karɓar addu'ar da aka yi ta cikin rauni.

Tsarin addu'ar ma abin lura ne. Istirja'i yana tuna wa bawa cewa abin da ya tafi daman aro ne, mai shi ya karɓa, shi ma mai kukan can zai tafi, watau rabuwar ba ta har abada ba ce. Roƙon lada yana mayar da ciwon ya zama abin da ake ajiyewa a ma'auni, maimakon asara tsagwaronta. Roƙon madadi kuwa shi ne yake juya fuskar mutum ya dubi gobe, domin wanda ya roƙi Allah wani abu ya riga ya yarda akwai sauran rayuwa a gabansa.

Ba a bar addu'a ita kaɗai ba. Aya ta 153 ta wannan sura, wadda ta gabaci ayoyin jarrabawa, ta haɗa haƙuri da salla wuri guda a matsayin abin neman taimako. Abu Dawuda ya ruwaito daga Huzaifa cewa idan wani al'amari ya tsananta wa Annabi sai ya tashi ya yi salla. Imam Ɗabari ya kawo a tafsirinsa cewa labarin rasuwar Ƙusam ya iske ɗan'uwansa Abdullahi ɗan Abbas yana cikin tafiya, sai ya yi istirja'i, ya kauce daga hanya, ya gurfanar da raƙuminsa, ya yi raka'a biyu ya tsawaita zama a cikinsu, sa'an nan ya tashi ya ci gaba. Hikimar a fili take ga wanda ya taɓa ganin mai rashi. Baƙin ciki yakan narkar da lokaci, safiya da yamma su zama ɗaya, mutum ya kasa tashi daga shimfiɗa. Salla biyar tana yanka masa yini gunduwa gunduwa, ta tilasta masa ya taɓa ruwa, ya miƙe tsaye, ya ɗora goshinsa a ƙasa inda zai iya faɗin abin da ba zai faɗa wa kowa ba. Idan namiji ne kuma ta fitar da shi zuwa cikin jama'a.

Ummu Salama ta yi takaba kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ajiye, wata huɗu da kwana goma ga wadda ba ta da ciki. Malik ya kawo cewa Annabi ya shiga wurinta a cikin kwanakin, ya ga ta sa wa idonta wani magani mai ɗaci da Larabawa suke kira sabir, sai ya ce ta riƙa sawa da dare tana gogewa da rana. Wani abin sha'awa shi ne, babban hadisin da malamai suke kafa hukuncin takaba da shi ta hanyar wannan gida ya zo, 'yarta Zainab ce ta ruwaito shi daga gare ta da waɗansu matan Annabi. A cikinsa aka bayyana cewa a jahiliyya matar mamaci takan shiga wata 'yar bukka da mafi munin tufafinta ta yi shekara cur. Musulunci ya yanka wa makoki iyaka, kwana uku ga kowane mamaci, wata huɗu da kwana goma ga miji. Wannan iyaka ba umarni ba ne a manta. Izini ne a koma cikin rayuwa ba tare da jin an yi laifi ba. Waɗansu al'adu da akan ɗora wa mai takaba, kamar hana ta wanka ko hana ta magana da kowa, ba su da tushe a cikin wannan hukunci.

Da ta gama idda Abubakar ya nemi aurenta, ba ta amsa ba. Sa'an nan Annabi ya aiki Haɗib ɗan Abu Balta'a ya nema masa. A ruwayar Ahmad kuwa ta ce ya nemi izinin shiga tana cikin jimar fata, ta wanke hannunta, ta ajiye masa matashi na fata mai cike da zaren dabino. Ba ta yi rawar jiki ba. Ta gaya masa aibobinta uku da bakinta, cewa tana da zafin kishi, shekarunta sun ja, kuma tana da yara. Ya amsa mata cewa kishi Allah zai yaye mata, shekaru shi ma sun same shi, yara kuwa yaransa ne. Aka ɗaura aure a Shawwal na shekara ta 4. Ita da kanta ta ce Allah ya musanya mata da wanda ya fi Abu Salama.

Sai dai tilas a yi hattara wajen ba da wannan labari a gidan makoki, kada a mayar da shi alkawarin da shari'a ba ta yi ba. Ba kowace matar mamaci ce za ta sake aure ba, ba kowace uwa ce za a ba ta wani ɗa ba, kuma ɗan da aka haifa daga baya ba ya cike gurbin wanda aka binne. Annabi da kansa ya rasa shida daga cikin 'ya'yansa bakwai yana raye, Faɗima kaɗai ta saura, kuma Ibrahim da ya rasu na ƙarshe ba a ba shi wani a bayansa ba. Hadisin ya yi alkawarin abin da ya fi, bai ce irinsa ba, bai kuma ambaci rana ba. Wani madadinsa natsuwa ce da bai taɓa sani ba, wani shiryuwar 'ya'yan da aka bar masa, wani kuwa an ajiye masa nasa sai ranar da ya fi bukata. Wanda ya yi addu'ar yana ƙirga kwanaki, in bai ga irin abin da ya zana a ransa ba ya ce ba a amsa ba, ya ƙuntata abin da Allah ya yalwata.

Haka kuma labarin yana da rabon waɗanda ke kewaye da mai rashi. Addu'ar da Annabi ya yi cewa Allah ya kula da bayan Abu Salama, ta hannun mutum aka amsa ta, wanda ya ce yaran nan nasa ne. Umar ɗan Abu Salama a gidan Annabi ya tashi, shi ne yaron nan da hannunsa yake yawo a cikin akushi aka koya masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci gabansa. Zainab ta girma ta zama cikin matan da suka fi sanin fiƙihu a Madina a zamaninta. Sa'ad da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a Mu'uta a shekara ta 8, Annabi ya ce a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. A'isha kuma takan sa a dama wa masu rashi talbina, wani irin kunu na sha'ir, saboda yana sanyaya zuciya. Inda aka juya al'amarin, ya zama gidan mamaci ne yake cin bashi don ciyar da masu gaisuwa, ko kuwa 'yan'uwa suka fara duban gadon marayu tun ba a share makoki ba, to, an ɗauki kalmar haƙuri an bar aikinta.

Ita kuwa matar da ta yi shekara tana kuka a Abɗah, rayuwar da ta biyo bayan rashinta ta fi ta farko tsawo nesa ba kusa ba. A Hudaibiyya, shekara ta 6, bayan an rubuta sulhun da ya yi wa sahabbai nauyi, Annabi ya umarce su har sau uku su yanka hadayarsu su yi aski, ba wanda ya motsa saboda baƙin ciki. Ya shiga wurin Ummu Salama ya gaya mata. Ta ba shi shawara ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya soke raƙuminsa, ya kira wanzaminsa ya yi masa aski. Da ya yi haka sai jama'a suka tashi gaba ɗaya suna rige-rige. Wadda ta taɓa sanin yadda baƙin ciki yake ɗaure gaɓoɓi ita ce ta gane cewa mutanen nan ba saɓo suke nufi ba, wanda zai fara motsi kawai suke bukata.

Malaman hadisi sun ƙirga mata hadisai 378, babu wadda ta fi ta a cikin matan Annabi sai A'isha. Ta rayu fiye da shekara hamsin bayan Abu Salama, ta ga wafatin Annabi a shekara ta 11, watau ta sake zama matar mamaci, ta kuma kai har labarin kisan Husaini a Karbala ya iske ta a shekara ta 61, ya girgiza ta ƙwarai. Ba ta daɗe ba bayan wannan ta rasu a Madina, ita ce ta ƙarshe a cikin iyayen muminai, aka binne ta a Baƙi'a. Allah ya ƙara mata yarda.